Ba Sai Kin Iya Lissafi Ba

Shekarar da 'yata ta shiga ajin ƙarshe na sakandare na gane cewa uwa tana da rawar takawa ko ba ta san aljebra ba. Mai son karatun injiniya ko likitanci sai ya samu aƙalla C6 a lissafi a WAEC ko NECO. Na ɗauke mata wanke-wanken dare, na sayo mata tambayoyin shekarun baya, ina zama kusa da ita ina tsintar shinkafa. In ta warware tambaya nakan ce, "Koya mini." Wurin bayani take gano kuskurenta. JAMB kuwa a kwamfuta ake rubutawa, don haka kowace Asabar tana zuwa gwaji. Iyaye, mu fara da wuri, da sanyin safiya ake kama fara.