Ƙarfen da Bai Kamata a Fasa Ba

Tarihin baka ya nuna cewa daga Gaya Abagayawa suka tashi, maƙeran da suka bi tama har Dutsen Dala suka zauna. Har yau ƙarfe bai daina ciyar da mutanen wannan yanki ba, sai dai yanzu babu mai haƙar tama. A Ajingi, da Toranke, da Balare, za ka ga matashi da baro ko buhu a kafaɗa, da maganaɗisu ɗaure a igiya, yana bin lungu yana sayen ɓallen garma, da mataccen batir, da fasasshiyar tukunya. A rataya kaya a sikeli mai ƙugiya, a biya, a tara, in ya kai lodi mota ta kwasa ta bi ta Wudil zuwa Kano. Ƙa'idar jari-bola guda ce, kuma duk ɗan gwangwan ya san ta: abin da ya fi nauyi ya fi kuɗi, musamman in dalma ce ko jan ƙarfe.

Wannan ƙa'idar ce ke tayar mini da hankali. Akwai na'urorin asibiti da na masana'antu da ke ɗauke da sinadari mai fitar da tururin nukiliya, wanda ba a gani, ba a jin warinsa, amma yana ratsa jiki ya lalata ƙwayoyin jini da ɓargo. Sinadarin kansa sau da yawa bai wuce girman ɗan yatsa ba. Don a tsare tururin sai a lulluɓe shi da dalma mai kauri, ya zama wani dunƙulen ƙarfe mai nauyin gaske. Ke nan abin da ke kare mutum shi ne abin da ke jan hankalin mai sikeli, ya sa guduma da kurfi ya raba dalmar da sauran.

Haka ta faru a birnin Goyaniya na ƙasar Brazil a watan Satumba na 1987. Wani asibitin gashin ciwon daji ya tashi ya bar tsohuwar na'ura a kango. Mutum biyu suka kwance kanta suka tura a baro, suka huda, suka sayar wa mai jari-bola. Da dare mutumin ya ga garin da ke ciki yana walƙiya shuɗiya, ya ɗauka wani abu ne mai daraja, ya kai gida, ya gutsura wa 'yan uwa da abokai. Sinadarin siziyam 137 ne. Aka fara amai da gudawa da jiri, hannuwa suka kumbura suka yi ƙuna ba tare da an taɓa wuta ba, likitocin farko kuma suka zaci gurɓataccen abinci ne ko wani ƙaiƙayi. Sai bayan kusan mako biyu matar mai jari-bolar ta lura cewa tun shigowar abin gidan ake ciwo, ta sa shi a jaka ta hau motar haya ta kai ofishin lafiya. Mutum 4 suka rasu, da ita a ciki, da yarinya 'yar shekara 6. An auna mutum kusan 112,000, aka sami 249 da sinadarin ya taɓa, aka rushe gidaje aka kwashe ƙasar unguwa.

A tsaya a kan mako biyun nan. Da a ƙauyukanmu ne, wa zai ce ƙarfe ne? Wani zai ce kwalara, wani ya ce jifa aka yi wa gidan, a kama rubutu da hayaƙi, abin kuwa yana ƙarƙashin gado. Ba na faɗin haka don raina kowa. Likitocin Brazil ma sun ruɗe. Irin wannan ta sake aukuwa a Tailan a 2000, inda mutum 3 suka mutu, da kasuwar tsohon ƙarfe ta Mayapuri a birnin Delhi na Indiya a 2010, bayan wata jami'a ta yi gwanjon tsohuwar na'ura mai kobal 60, mutum guda ya rasa ransa.

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. A watan Disamba na 2002 wasu sinadarai biyu da kamfanin Halliburton ke aikin auna rijiyoyin mai da su suka ɓace a yankin Neja Delta, sai daga baya aka gano su a Jamus cikin lodin tsohon ƙarfe. A Arlit ta Jamhuriyar Nijar, inda ake haƙar yuraniyam tun 1971, masu bincike na ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa a 2003, da na Greenpeace a 2009, sun sami ƙarafan ma'adinai masu fitar da tururi ana sayarwa a gari. Ga kuma na'urorin da injiniyoyi ke auna ƙarfin daɓen titi da su, da na duba walda a bututu, da na gashin daji irin wadda asibitin koyarwa na Shika ya yi aiki da ita. Na'urar hoton ƙashi ta asibiti ba ta cikin wannan sahu: da an kashe wuta ta daina fitar da komai. Waɗancan kuwa ba su da makunni. Ƙarfin kobal 60 yana raguwa da rabi ne bayan shekara 5 da 'yan watanni, na siziyam 137 sai bayan shekara 30. Kamfani zai iya rushewa, a manta da sito, mai gadi ya mutu, abin yana nan da ransa.

Nijeriya tana da doka a kan wannan tun 1995, kuma hukumar NNRA mai sa ido kan harkokin nukiliya ta fara aiki a 2001. Ba a shigo da irin waɗannan sinadarai, ko a yi aiki da su, ko a ɗauke su daga wuri zuwa wuri, ko a zubar, sai da lasisinta, kuma wanda nasa ya ɓace wajibi ne ya kai rahoto. Ƙasar ba ta da tashar lantarki ta nukiliya tukuna, ko da yake an ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin wuraren da za a iya gina ta. Abin da muke da shi shi ne ƙaramar tukunyar bincike a cibiyar nazarin makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wadda aka kunna a watan Fabrairu na 2004, ƙarfinta a lokacin kilowat 30 kacal. A 2018 aka cire mata makamashin yuraniyam da aka tace sosai aka mayar da shi China, aka sa mata marar haɗarin zama makami, da taimakon hukumar IAEA ta duniya. Aiki ne da ya cancanci yabo.

Amma cibiyar nan cike take da masana, da na'urorin awo, da masu bincike daga waje. A ma'aunin duniya na girman haɗarin nukiliya, mai hawa 7, Chanobil ta 1986 da Fukushima ta 2011 ne a ƙololuwa. Goyaniya tana hawa na 5, alhali babu tashar nukiliya a garin, baro ne kawai da guduma. Takardar lasisi tana bin abu ne muddin yana hannun mai shi. Da ya suɓuce, mutum na gaba da zai taɓa shi ba injiniya ba ne, yaron da ke jan maganaɗisu ne, wanda bai taɓa jin sunan hukumar ba. A ganina sa ido bai cika ba sai ya iso bakin sikeli.

Kuma isowar ba ta da tsada. Manyan dilolin ƙarfe a Kano da kamfanonin da ke narka shi su mallaki na'urar awon tururi, ko ta hannu ce, a riƙa zagaya kowane lodi da ita. 'Yan jari-bola suna da ƙungiyoyi da shugabanni. A zauna da su, da Hausa, a nuna musu alamar nan mai fukafukai uku kamar farfelar fanka, baƙa a kan rawaya, da sabuwar da aka fitar a 2007, ja mai kusurwa uku da ƙoƙon kai da mutum yana gudu. A faɗa a rediyo, a faɗa wa dagatai da masu unguwanni na masarautar Gaya. Ma'aikacin lafiya a asibitin Ajingi ya saba da tambaya ɗaya in gida guda ya zo da amai da ƙunar da ba ta wuta ba: an shigo da wani baƙon ƙarfe kwanan nan? Sannan a tabbatar wa wanda ya kai rahoto cewa ba za a kama shi a matsayin ɓarawo ba, don mai tsoron caji ofis rijiya ko kududdufi zai jefa abin.

Wanda ya ci karo da dunƙulen ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa, ko mai waccan alama, kada ya fasa, kada ya sa a aljihu ko ya kai ɗaki. Ya bar shi inda yake ya ja da baya, domin duk nisan da aka ninka biyu tururin na komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Ya kori yara daga wurin, ya sanar da mai unguwa da 'yan sanda, su kuma su kira hukumar NNRA.