Tunawa da Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata

Duk wanda zai ba da tarihin noman gyaɗa a karkarar Bichi da Dambatta, tilas ya ambaci Alhaji Alhassan Ɗantata. An haife shi a Bebeji cikin 1877, ya tashi da fataucin goro zuwa Gwanja. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, sai ya koma sayen gyaɗa, yana ba wakilansa jari bisa amana, su bi ƙauyuka. Ya kuma zauna a majalisar Sarkin Kano. Da ajali ya gabato cikin 1955, ya tara 'ya'yansa, ya yi musu wasiyya su riƙe zumunci, kada dukiya ta raba kansu. Allah ya ji ƙansa, amin.