Lambun bayan ɗaki: Jarinsa na cikin abin da muke zubarwa

Duk wanda ake aike cefane a cikinmu ya san yadda kayan miya ke lashe kuɗin da Baba ya bari, wani lokaci har da na motar makaranta. Alhali lambun gida kusan kyauta ake kafa shi.

Tsohon buhun shinkafa ya isa: mu huda gindinsa, mu cika shi da ƙasa haɗe da kashin awaki. Kashin kaji kuwa sai ya ruɓe tukuna, domin ɗanyensa ƙona shuka yake yi. Ruwan alwala da na wankin shinkafa sun wadatar wajen ban-ruwa, ban da mai sabulu.

Iri ma ba sai an saya ba. Mu bar kuɓewa 3 su bushe a jikin uwarsu, ga irin baɗi. Zogale reshensa ake dasawa. Alayyahu kuwa cikin mako 4 an fara yanka, kuma yana sake tohowa.

Idan ƙwari suka addabi shuka, mu jiƙa dakakken ganyen darbejiya ya kwana, mu tace, mu yayyafa da yamma.

A hutun nan mu fara da buhu ɗaya, mu riƙa rubuta kuɗin ganyen da Mama ta daina saye.