Kwamfutar Kwantum da Tsoron Kwashe Asusun Banki

Tun da Google ya bayyana kwamfutarsa ta kwantum mai suna Willow a Disambar 2024, wani zance ke yawo a WhatsApp har ya iso majalisun Sanyinna da Kebbe: wai an ƙera kwamfutar da za ta buɗe kowane asusun banki cikin ƙiftawar ido.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake ɗaukar kwantum tamkar aiki ne da aka riga aka gama. Gaskiya ne a 1994 Peter Shor ya nuna a lissafi cewa irin wannan na'ura za ta iya ɓalle makullin RSA da ke tsare bayanai a intanet. Amma ƙwayar da take lissafi da ita, wato kyubit, ba ta da juriya ko kaɗan. Ɗan zafi, ɗan girgiza, sai bayanin ya watse. Kamar a ɗora maka ƙwarya cike fal da nono a ka, a hau da kai babur kan hanyar da damina ta cinye, a ce kada ɗigo ya zuba. Willow kyubit 105 gare ta. Ƙiyasin da wani masanin Google ya fitar a 2025 ya nuna ɓalle RSA na bukatar kusan miliyan guda.

Wannan wahala ce ta sa injiniyoyin sararin samaniya suka shigo fagen. Tony Uttley ya yi shekara 10 a cibiyar Johnson ta hukumar NASA a Houston, har ya kula da katafaren tafkin da 'yan sama jannati ke atisaye a ciki. Daga baya ya jagoranci sashen kwantum na Honeywell, kamfanin da ya shahara da kayan sarrafa jiragen sama, kuma a 2021 aka haɗe sashen da Cambridge Quantum aka kafa Quantinuum. Na'urarsu tana riƙe ƙwayoyin zarra a wurin da aka zuƙe iska, tana juya su da hasken leza. Wanda ya saba da aikin da kuskure ɗaya ke cin rai, shi ya dace da irin wannan awo.

Mu ma mun taɓa kama hanyar samun irin waɗannan injiniyoyi. Injiniyoyin Najeriya ne suka ƙera NigeriaSat-X a Surrey ta Ingila, aka harba shi a 2011. Sai dai mahukuntanmu sun fi son bikin harbawa a kan riƙe irin waɗannan mutane shekara da shekaru, kuma hakan yana min ciwo.

A Agustan 2024 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sababbin makullan da aka tsara don jure wa kwantum. Sauya tsofaffin makullai da su aiki ne na Babban Bankin Najeriya da bankuna, kuma gara su fara tun yanzu. Mai ajiya kuwa, ɓarawon da ke gabansa yau shi ne mai bugo waya yana cewa daga banki yake, a karanto masa lambar OTP.