Littafin Rajista Ya Shiga Kwamfuta

Duk malamin da ya taɓa riƙe makaranta a ƙasar Shinkafi, ko Zurmi, ko Ƙauran Namoda, ya san darajar littafin rajista. In gara ta ci shi, ko ruwa ya jiƙa shi, yaro yana iya rasa shaidar shekarun da ya yi a aji. Saboda haka ya kamata malamai su koyi ajiye sunayen yara a kwamfuta, cikin abin da ake kira rumbun bayanai.

Kwamfuta ba ta aiki sai an umurce ta da harshen da ta sani. Daga cikin harsunan nan masu sauƙi ga mai koyo akwai Python, wanda Guido van Rossum, mutumin Holan, ya fitar a 1991. Tun 2006 yana zuwa haɗe da SQLite, watau dabarar da Richard Hipp na Amurka ya ƙago a 2000, mai tattara rumbun duka cikin fayil guda. Ba a biyan ko kwabo a kansu.

Aikin hawa huɗu ne. Da fari a buɗe fayil da umurnin connect. Sa'an nan da umurnin execute a tsara gurabe kamar na rajista, watau suna, da aji, da shekarar shiga, a zuba yara. Na uku a tabbatar da rubutun da commit. Na huɗu a rufe da close.

Wuri biyu ne mai koyo yakan yi tuntuɓe. Na ɗaya, in ya kuskure harafi guda a sunan fayil, Python ba zai tsawata masa ba, sai ya buɗe masa sabo fanko, har ya zaci aikinsa ya salwanta, alhali tsohon yana nan. Na biyu ya fi muni. In ya zuba sunaye ɗari bai tabbatar ba, aka ɗauke wuta, to, ko ɗaya ba zai tarar ba. Amma abin da aka riga aka tabbatar yana nan daram.

Kwamfuta kuwa takan lalace, akan kuma sace ta. Don haka kowace Juma'a, bayan an rufe fayil, hedimasta ya sa a kwafe shi a ajiye wani wuri dabam, gama sunayen 'ya'yan mutane amana ce. Mai son ƙarin ilmi, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, ana koyar da aikin kwamfuta a can.