Ina Ya Kamata A Maƙala Na'urar Tiyuna A Cikin A-Kori-Kura?

Duk mai yawan kallon bidiyon motoci a YouTube ko TikTok ya san wannan hoton: ƙatuwar Ford F-250 ko Ram 2500 tana jan tirela a wani titin Amurka, a gefen sitiyari kuma ga wata 'yar na'ura mai fuska kamar ta waya, lambobi suna hawa suna sauka a kanta. Ita ce ake kira tiyuna. Ba da ita mota take fitowa daga kamfani ba, daga baya ake sayenta a jona ta da ƙwaƙwalwar injin, ko dai don a ƙara masa ƙarfi, ko don direba ya riƙa ganin abin da ke gudana a cikinsa. Bully Dog, Edge, SCT, Superchips da Banks su ne sunayen da suka fi yawo a wannan kasuwa, kuma masu manyan a-kori-kura na dizal a Amurka su ne manyan kwastomominsu.

Hirar da aka fi yi a kanta ta ƙarfin inji ce. Maganar wurin da za a ajiye ta a cikin mota kuwa sai an buɗe kwali ake tunawa da ita, a ga robar manne wa gilashi a ciki, a liƙa ta duk inda hannu ya kai. A nan ne mutane da yawa suke yin kuskuren da zai iya ƙona musu na'urar, ko ya tare musu hanya, ko ma ya jefo musu ita a fuska ranar da aka yi karo.

Da farko, shin sai an maƙala ta?

A ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwar direba, akwai wata kafa mai ramuka 16 da ake kira OBD-II. Tun daga motocin shekarar 1996 dokar Amurka ta wajabta ta a kan ƙananan motoci da ƙananan a-kori-kura. Ta nan makanike yake jona kwamfutarsa idan fitilar injin ta kama, ta nan kuma tiyuna take shiga.

Tiyuna iri biyu ce, kuma sanin wacce ke hannunka ya raba rabin gardamar. Akwai irin SCT X4 wadda babban aikinta shi ne ta kwashe tsarin da kamfani ya sa wa injin ta adana, sannan ta rubuta sabo a madadinsa. Da ta gama, kana iya zare ta, motar za ta ci gaba da tafiya da sabon tsarin. Irin wannan ba ta buƙatar zama a dashbod ko kaɗan, sai in kana son kallon lambobi. Wurinta shi ne gida, a cikin kwalinta. Dalili kuwa, tana kulle kanta da lambar motar da ta yi wa aiki, kuma tsarin asali na injinka a cikinta yake. Idan ɓarawo ya fasa gilashi ya ɗauke ta, ba na'ura kaɗai ka rasa ba, har da hanya mafi sauƙi ta mayar da motarka yadda take.

Iri na biyu ita ce mai zama a jone koyaushe, kamar Bully Dog GT, ko Edge Evolution CTS3 mai fuska inci 5, ko 'yar ƙaramar Banks iDash mai zagaye wadda ke shiga ramin milimita 52. Waɗannan an yi su ne domin a riƙa dubawa ana tuƙi. Su ne suke buƙatar a nema musu mazauni.

Daƙiƙa biyu

Direban da ya ƙara wa injin dizal ƙarfi ba don ado yake kallon fuskar na'urar ba. Abin da ya fi damunsa shi ne zafin hayaƙin da ke fita daga injin. Idan yana hawa tudu da kaya, zafin yakan tashi da sauri, kuma masu gyaran dizal a Amurka sukan ɗauki wajen digiri 675 na Salsiyos a matsayin iyakar da bai kamata a daɗe a samanta ba. Wanda ya ga lambar tana matsowa zai sassauta totur ko ya sauko da giya. Wanda bai gani ba yana iya narkar da fistin. Haka nan zafin man giya da na ruwan lagireto.

To amma kowane kallo yana da farashinsa. Hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka, NHTSA, ta fitar da shawarwari ga masu ƙera motoci a 2013 cewa kada wani aiki a fuskar na'ura ya ɗauke idon direba daga titi fiye da daƙiƙa 2 a kallo ɗaya. Yi lissafin da kanka: a gudun kilomita 100 a awa, mota tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Daƙiƙa 2 sun kai mita 55, wato kamar rabin filin ƙwallo ka wuce ba ka ga titi ba. Saboda haka wurin da ya dace shi ne inda ido zai kai ya dawo ba tare da wuya ya juya ba.

Wannan shi ya kayar da maƙalin da ake sakawa a ramin ajiye kofi, da duk wani abu da ke ƙasa kusa da giya. Akwai inuwa a can, ɓarawo ma ba ya hangowa, amma sai ka sunkuyar da kai kafin ka karanta. Maƙalin ramin iskar AC kuma ya fi dacewa da waya mara nauyi. Tiyuna da kebul ɗinta sukan rinjayi siraran robobin ramin har su karye.

Gilashin gaba

Nan ne mafi yawan mutane suke liƙawa, don abin liƙawar yana cikin kwali. Laifin ba na gilashin ba ne, na wurin da ake zaɓa ne. A tsakiya, ƙarƙashin madubi, na'ura mai inci 5 tana iya rufe maka mai babur gaba ɗaya idan yana ɗan nesa. A-kori-kura dama hancinta dogo ne kuma a sama yake, yaro ko akuya na iya ɓacewa a gabanta ko ba a ƙara wani abin tare ido ba.

Jihar Kalifoniya ta yi wa abin iyaka a dokar motocinta: na'urar nuna hanya ta GPS tana iya zama a kusurwar ƙasa ta gilashi, cikin murabba'in inci 5 a gefen direba ko inci 7 a ɗaya gefen, kuma dole ta kauce wa inda jakar iska take buɗewa. Ko ba ka taɓa zuwa can ba, ma'aunin yana da amfani. Kusurwar ƙasa ta hagu ita ce inda abin da za ka rasa gani bai wuce bonet da gindin madubin gefe ba. Tun da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972, sitiyarinmu a hagu yake kamar na Amurka, haka ma a Nijar, don haka shawarar ta zo daidai ba sai an juya ta ba.

Matsalar robar tsotson ita ce ba ta da alƙawari. Zafi yana sassauta ta, ƙura tana shiga ƙarƙashinta, dogon hannun maƙalin kuma yana rawa a kan hanya mai gargada har lambobin su ƙi karantuwa. Idan ta saki a gefen direba, ƙasa take yi, wajen birki da totur. Wannan kaɗai ya ishe ni in ƙi amincewa da ita a matsayin mazaunin dindindin.

Ginshiƙin gefe da jakar iska

Wurin da ya fi burge matasa a bidiyo shi ne ginshiƙin da ke tsakanin gilashin gaba da ƙofar direba. Ana sayar da murfin roba mai rami ɗaya ko biyu ko uku da ake ɗora masa, a zura agogunan a ciki, motar ta koma kamar ta tsere. Ta fuskar ido wurin yana da kyau ƙwarai, don yana dab da layin kallonka.

Sai dai a motocin zamani, jakar iskar gefe mai saukowa kamar labule tana naɗe ne a gefen rufi, kuma a motoci da yawa bakinta ko igiyarta sun gangaro cikin wannan ginshiƙi. An ƙera murfinsa ne yadda zai buɗe ya ba ta hanya. Jakar iska tana cika cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa ashirin na daƙiƙa. Duk abin da ke kan hanyarta, ko dai ya hana ta buɗewa daidai, ko ta yi jifa da shi, kuma kanka ne mafi kusa. Duba ginshiƙin motarka: idan ka ga an rubuta SRS ko AIRBAG a jikinsa, kada ka huda shi da sukurori, kada ka sa murfin da ba a yi shi takamaimai domin samfurin motarka da shekararta ba. Haka nan tsakiyar sitiyari da saman dashbod na gefen fasinja, duk haramtattun wurare ne. Na sha ganin an manna maƙalin waya a daidai murfin jakar fasinja saboda wurin a shimfiɗe yake kuma gam yana kama shi sosai. Shimfiɗar tasa ƙofa ce.

A tsofaffin motoci da ba su da jakar gefe, ginshiƙin ba shi da wannan matsala, illa dai yana ƙara kauri, kuma bayansa ne mai tafiya a ƙasa yake ɓuya lokacin da kake shan kwana.

Rana

A 2018 masu bincike daga jami'ar jihar Arizona da ta Kalifoniya a San Diego sun ajiye motoci a rana ta awa ɗaya, a ranakun da zafin waje ya kai wajen digiri 38. Matsakaicin zafin saman dashbod ya kai kusan digiri 69. A Sakkwato ko Maiduguri ko Agadas, inda watan Afrilu yake wuce digiri 40, kada ka yi tsammanin sauƙi. Fuskar na'ura tana yin baƙi, gam yana narkewa, roba tana lanƙwashewa. Saboda haka duk mazaunin da ka zaɓa a saman dashbod, ya zama irin wanda za ka iya zare na'urar da hannu ɗaya ka jefa ta a inuwa idan ka yi fakin. Tsarin ƙwallo da matsewa na RAM Mounts ya yi suna a wannan fanni: gindin yana zama daram, kan yana cirewa.

Da a ce ni zan zaɓa, zan sa gindi mai gajeren wuya a kan dashbod, hagu da agogunan mota, ƙasa da layin da bonet yake fara bayyana, a ɗaure shi da gam mai ƙarfi irin 3M VHB bayan an goge wurin tas, ko a maƙale shi a wani sukuru da dama yake wurin. Ido yana kaiwa, ba ya tare titi, ba ya kan hanyar jakar iska, kuma tazararsa da kafar OBD-II gajeriya ce.

Kebul

Gajertar tazarar ba ƙaramin abu ba ce. Kebul ɗin da ke lilo daga ƙarƙashin sitiyari yana iya naɗe ƙafa ko ya shiga bayan birki. A bi da shi ta bayan murfin gefen dashbod, a ɗaure shi nesa da sandar sitiyari mai juyawa, in kuma dole ya hau ginshiƙi, ya bi ta bayan jakar iska, kada ya gitta ta gabanta. Idan ba ka saba ɓalle waɗannan murafe ba, kai wa mai wayarin mota. Kan filogin ma yakan turo waje daidai gwiwa. Wannan yana da haɗari musamman lokacin da na'urar take rubuta sabon tsari, don idan ya zare a tsakiyar aiki ƙwaƙwalwar injin tana iya tsayawa motar ta ƙi tashi. Akwai gajeren kebul mai lanƙwasasshen kai da ke magance haka.

Wani abu kuma: rami na 16 a kafar OBD-II yana ɗauke da wutar batir ko an zare makulli. Na'urori masu kyau suna yin barci da kansu, na banza ba sa yi. Idan motar za ta kwana biyu a ajiye, zare filogin.

Mu da Hilux ɗinmu

Yawancin waɗannan na'urori an rubuta tsarinsu ne domin motocin kasuwar Amurka. Mai Tundra ko Tacoma ko F-150 da aka shigo da ita daga can yana iya samun wadda ta dace da motarsa. Mai Hilux kuwa ya duba jerin motocin da kamfanin ya ambata kafin ya tura kuɗi, don shigar filogi ba ita ce shaidar na'urar za ta yi aiki ba. A kula da mai kuma: tsarin da aka rubuta domin fetur mai lamba 93 a ma'aunin Amurka yana buƙatar man da ya kai wajen 98 a ma'aunin RON, alhali gidajen manmu galibi fetur iri ɗaya suke sayarwa. Sa irin wannan tsari a kan man da bai kai ba yana jawo ƙwanƙwasar inji.

Abin da yawancin masu karanta wannan shafi za su iya yi tun yau shi ne rabin aikin, wato kallon lambobi. 'Yar na'urar ELM327 mai Bluetooth, da manhaja irin Torque ko Car Scanner, suna mayar da wayarka agogon da ke nuna zafin ruwa, ƙarfin batir da lambobin matsala, gwargwadon abin da motar ta yarda ta bayar. Ba za su ƙara wa injin ƙarfi ba. Duk abin da aka faɗa a sama ya shafi wayar, har ma ya fi, don tana da batirin da ba ya son zafi: Apple ya ce iPhone an yi ta ne ta yi aiki tsakanin digiri 0 da 35. Waya a gilashi, tana caji, fuskarta a kunne da tsakar rana, ba za ta daɗe ba za ta rage haske ko ta tsaya. A nan maƙalin ramin AC ya yi rana, don iskar tana sanyaya bayanta. Ka zaɓi lambobi uku ko huɗu masu manyan haruffa tun kafin ka tada mota, ka kunna ƙararrawar gargaɗi, sannan ka cire hannu, don jami'an FRSC ba za su bambanta mai duba zafin inji da mai karanta WhatsApp ba.

Kafin ka ɓare takardar gam, zauna a kujerar direba yadda ka saba zama, ka sa wani ya riƙe na'urar a wurin da ka zaɓa. Juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, duba ko madubin gefe yana nan a buɗe, sa wani ya tsaya a gaban motar ta hagu ka ga ko yana ɓacewa. Ka maimaita da daddare, don fuskar da ta yi daidai da rana takan haska gilashi da dare ta hana ka ganin titi, kuma gam ɗin VHB idan ya kama, cire shi sai da zare da haƙuri.