Uwa Tsakanin Ƙasa Biyu: Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Haihuwa da Asali a Iyakar Bagudo da Benin

A ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, auren tsallaken iyaka ba baƙon abu ba ne. Ana ɗauko amarya daga Segbana a kawo ta Tsamiya ko Ka'oje, ana kai 'yar Lolo ko Illo ɗakin miji a Madekali ko Malanbil. Da an samu ƙaruwa sai tambayoyi su taso: a ina za a haihu, da wane harshe yaron zai tashi, kuma ɗan wace ƙasa ne? Nauyin waɗannan tambayoyi a wuyan uwa yake, amma ita ce aka fi bari ba a yi wa bayani ba.

Yaya aka yi dangi ɗaya suka rabu ƙasa biyu?

Kafin zuwan Turawa, Illo da Busa da Nikki manyan masarautun ƙasar Bargu ne. A 1894 Baturen Ingila Lugard ya yi tseren isa Nikki da Faransawa, a 1898 kuma Ingila da Faransa suka sa hannu kan yarjejeniyar da ta tsaga Bargu biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Ɓangaren Faransa ya shiga ƙasar Dahomey, wadda ta samu 'yanci a 1960, ta koma Benin a 1975.

Hausawa kuwa tun kafin nan suna bin wannan hanya. Ayarin fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato kan ƙetare kogin Kwara, su ratsa Bargu zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja sayen goro. Wasu sun yada zango a Paraku da Jugu ba su koma ba, suka auri matan can. Wasu daga cikin jikokinsu na amsa sunan Hausawa har gobe, alhali kakanninsu mata Dandawa ne ko Bargawa. Wato tun fil azal, asalin mutumin wannan yanki gauraye yake, kuma ta ɗakin uwa gaurayen ya shigo.

Da wane harshe yaro zai tashi?

A garuruwan arewacin Benin irin su Malanbil da Kandi, Dandanci ne harshen kasuwa, makaranta kuma da Faransanci ake karatu. A ɓangaren Bagudo Hausa ce ta mamaye kasuwa da masallaci, makaranta da Turanci. Bayan waɗannan akwai Fulatanci da Zabarmanci da harshen Boko na ƙasar Bargu. Yaron da uwarsa ta fito daga wancan tsallaken zai iya jin harshe uku kafin a yaye shi.

Wannan ba matsala ba ce. Masana harshe sun daɗe da tabbatar da cewa ƙaramin yaro na iya ɗaukar harshe biyu ko uku tare, ba tare da ya ruɗe ba. In ka ji yana cakuɗa kalmomi, lokaci ne, zai warware su da kansa. Matsalar tana farawa ne ranar da dangin miji suka fara yi wa amarya dariya in ta yi wa ɗanta magana da harshen garinsu, ko facaloli su ce tana gulmarsu. Sai ta yi shiru, ta koma Hausa zalla don a zauna lafiya. Yaron ya girma, a kai shi wajen kakarsa ta wajen uwa, su zauna tabarma ɗaya sai da tafinta.

Kyangawa, waɗanda suna cikin daɗaɗɗun mazauna ƙasar Illo, sun ga ƙarshen wannan hanya. Yau mafi yawansu Hausa ko Dandanci suke yi, Kyanganci ya rage a 'yan ƙauyuka kaɗan. Ba doka aka kafa aka hana shi ba, a cikin gidaje aka daina yi wa yara shi.

Goyon ciki da jego: me ya sa mace ke komawa gida?

A al'adar Hausawa da maƙwabtansu da dama, mai cikin fari kan koma gaban mahaifiyarta in ciki ya tsufa. A can za ta haihu, a can za ta yi jego. Tun da asuba an hura wuta a ƙarƙashin babbar tukunya, an tafasa ruwa da ganyen darbejiya ko na tsamiya. Inna ko gwaggo ce ke tsayawa a kan maijego tana tsoma ganyen a ruwan zafi tana bugun jikinta da shi, safe da yamma, har a yi arba'in. A dama mata kunun kanwa, a dafa mata ƙauri da yaji. Ranar bakwai a yanka rago a raɗa suna, wanzami ya yi wa jariri aski.

A cikin waɗannan makonni ne ake koya wa yarinya zama uwa: yadda ake ɗaura goyo, yadda ake gasa cibi, yadda ake gane kukan yunwa da na ciwo, da alkunyar da za ta riƙa yi wa ɗan fari, har ta ƙi kiran sunansa. Macen da aka aurar tsallaken iyaka, wannan ne lokacin da take sake cika da harshensu da ɗabi'un gidansu. Shi ya sa rufe iyaka ke taɓa ta fiye da yadda ake zato. Da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, ba a fara buɗe wasu ba sai Disambar 2020, maganar shinkafa da fetur aka yi ta yi. Amma hanyar da buhu ke bi, ita ce mai ciki ke bi zuwa gidan iyayenta.

Akwai gargaɗi biyu a nan. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da tsananin zafin wanka da kwanciya kan gadon wuta da yawan kanwa. Maijegon da ƙafafunta suka kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, asibiti za a kai ta nan take. Na biyu, duk inda za ta je ta riƙe katin awo da katin rigakafin jariri, don ma'aikatan wancan ɓangaren su ɗora daga inda aka tsaya.

Ɗan wace ƙasa ne?

Mutane da yawa na zaton ƙasar uba kaɗai yaro ke gado. Sashe na 25 na Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 bai ce haka ba. Yaron da aka haifa a wajen Najeriya, matuƙar ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Najeriya ne, uwa ko uba, ɗan ƙasa ne tun haihuwa, kuma riƙe wata ƙasar ba ya ƙwace masa wannan haƙƙi. Benin ma ta sabunta dokarta a 2022, ta ba uwa damar gadar wa ɗanta ƙasa daidai da uba. Ita kuwa 'yar Benin da ta auri ɗan Najeriya, aure kaɗai ba ya mai da ita 'yar ƙasa. Sashe na 26 ya ba ta damar nema ta hanyar rajista.

Sai dai haƙƙin da ba shi da takarda wahalar karɓa gare shi. A Najeriya Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke ba da takardar haihuwa, doka ta ce a yi rajista cikin kwana 60. In a Benin aka haihu, a sanar da hukumar garin da wuri, kafin a dawo. A kuma kula da rubutun suna: wanda aka rubuta Ousmane a takardar Faransanci, aka rubuta Usman a ta makaranta, zai sha tambaya ranar neman lambar NIN ko fasfo. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasar juna kwana 90 ba biza, amma da shaidar tafiya a hannu.

Zangunan Hausawa sun ɗanɗana kuɗar rashin takarda. A 1969 gwamnatin Busia a Gana ta kori baƙin da ba su da izinin zama, cikinsu har da waɗanda a can aka haife su. A 1983 Najeriya ta yi irin wannan kora.

In aure ya mutu fa?

A Kebbi kotunan shari'a na bin mazhabar Malikiyya, wadda ta ba uwa haƙƙin renon ɗa namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, ciyarwa kuma tana kan uba. In uwa ta sake aure, yawanci kaka ta wajen uwa ce ke gaba. A Benin kuwa dokar iyali ta 2004 auren mace ɗaya kawai ta sani, kuma wanda aka ɗaura gaban hukuma. Matar da aka ɗaura wa aure a masallaci kawai, ko ta shigo a ta biyu, za ta iya rasa madafa a kotun can ranar rabuwa ko rabon gado. Waliyyi ya san wannan kafin ya ba da 'yarsa.

Mu kaɗai ne?

A'a. Matan Indiya da Pakistan da ke zaune a biranen Ingila irin su Bradford da Leicester na fama da irin wannan. Su ma da yawansu suna da al'adar komawa gida haihuwar fari da hutun kwana arba'in, su ma 'ya'yansu na dawowa daga makaranta da Turanci a baki. Bambancin shi ne, su sai sun hau jirgin sama, mu kuwa babur ko kwalekwale ya isa. Zumunta a ƙafa take, kuma tamu ƙafar ba ta da nisan tafiya.

Me ya rage mana?

Miji ya bar matarsa ta yi wa 'ya'yanta harshen garinsu, ya riƙa kai su wajen kawunnansu. Uwar miji ta riƙe baƙuwar amarya riƙon 'ya, ta tsawata wa mai yi mata gori. Ranar da ake neman ragon suna, a nemi takardar haihuwa tare da shi. Yaron iyaka yana da dangi biyu da ƙasa biyu, kuma haƙƙinsa ne iyayensa su miƙa masa duka biyun.